Miki Ya Warke, Fuska Ta Sage

Mando mashiga ce. Motar da ta taso daga Birnin Gwari ta nan take shiga Kaduna, mai zuwa filin jirgin sama ta nan yake bi, maniyyata kuma a sansanin alhazai na unguwar suke jiran a kira jirginsu. Harkar Mando a rana ake yin ta: 'yan kamasho a tasha, 'yan dako, masu faci, masu Keke Napep, yara masu tallan ruwan leda a tsakanin motoci. A wannan yanki ne kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa take, asibitin da gwamnatin tarayya ta kafa da dokar 1979 domin ya riƙa karɓar ciwon idon da ya gagari sauran asibitoci. Zafin rana da asibitin ido a wuri guda sun sa Mando ta dace da maganar wata cuta da ba a cika jin ta a rediyo ba, wato sankarar fata mai kama fuska, da muguwar ɗabi'arta ta barin inda ta fito ta bi jijiya ta nufi cikin kai.

Sankarar fata iri-iri ce. Wadda ake nufi a nan ita ce mai tasowa daga shimfiɗaɗɗun ƙwayoyin saman fata, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da SCC. Takan fara da ɗan kaushi, ko ɓawon da ake ɓamɓarewa yana dawowa, ko ƙurji mai tauri, ko mikin da ya ƙi rufewa, da an taɓa shi sai jini. A wurin Turawa rana ce ke jawo ta, shi ya sa ta fi fitowa a goshi da kunne da hanci da leɓen ƙasa da sanƙon tsofaffi. Baƙar fata kuwa tana da garkuwa, wato sinadarin melanin da ke ba ta duhu, don haka a nan cutar ta fi ɓullowa a ƙafa, a kan tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya yi shekara da shekaru. Likitoci na kiran wannan gyambon Marjolin, da sunan wani likitan Faransa da ya yi bayaninsa a 1828. Binciken da aka yi a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ya nuna cewa a arewacin Najeriya SCC ta fi kowace sankarar fata yawa.

Akwai kuma waɗanda Allah ya halicce su ba tare da wannan garkuwa ba, su ne masu lalurar zabiya. A 1975 Farfesa Anezi Okoro, likitan fata a Inugu, ya wallafa bincikensa a kan zabiya 1,000, inda ya tarar cewa duk wanda ya haura shekara 20 a cikinsu rana ta riga ta yi wa fatarsa illa, ko dai sankara ko alamomin da ke gabatarta. A 1993 wasu likitocin tiyata biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Yakubu da Mabogunje, suka wallafa abin da suka gani a Zariya: zabiya masu sankarar fata, mafi yawanta SCC, mafi yawanta kuma a kai da wuya. Bature kan kamu da wannan cuta yana ɗan shekara 60 ko 70. Zabiya a Kaduna na iya kamuwa da ita yana saurayi, kafin ya yi aure ko yana da 'ya'ya ƙanana.

Ba su kaɗai ba ne. Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan maganin danne garkuwa, da mai tsohon tabon wuta a fuska, duk suna cikin haɗari. A Dakar ma likitocin fata sun ba da rahoton SCC a jikin matan da suka daɗe suna shafa man bilicin, abin da ya isa ya sa a yi hattara.

Abin da ya sa sankarar fuska ta fi ta ƙafa ban tsoro yana cikin yadda aka gina fuskar kanta. Jijiyoyin da ake magana a kansu ba na jini ba ne, masu kai saƙo ne tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Guda goma sha biyu ne a kowane ɓari suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, biyu daga ciki ne suka mallaki fuska. Ta biyar ita ce mai ɗaukar ji: sanyi, zafi, taɓi, ciwo. Ta rabu gida uku, kuma kowane reshe yana da ƙofar da yake fitowa a ƙashin fuska, ɗaya a gindin gira, ɗaya a ƙarƙashin ido, ɗaya a gefen haɓa. Ta bakwai ita ce mai motsi. Da ita ake ɗaga gira, ake rufe ido, ake murmushi, ake hura wuta. Tana fitowa ta wata 'yar kafa a ƙasan kunne, ta ratsa ƙullin yawun nan da ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, sannan ta watsu a fuska. Rassan waɗannan jijiyoyi biyu sun cika fatar fuska, suna kuma haɗuwa da juna a gaban kunne, ta yadda cutar da ta kama ɗaya za ta iya tsallakawa zuwa ɗayar.

Ƙwayoyin sankara idan suka isa wani ƙaramin reshe, sukan kewaye shi su shiga cikin rigarsa, su riƙa bin sa a hankali zuwa tushe. Aikin gara ne a cikin azara: waje lafiya lau, ciki ana ci. A sama miki ya rufe, tabo ya kwanta, mai shi ya manta da maganar. A ƙasa kuwa cutar tana tafiya ta hanyar da aka riga aka share mata, ta bi ƙofofin da jijiya ke bi a ƙasan ƙoƙon kai, har ta kai ga wata mahaɗa da rassan jijiya ta biyar ke taruwa a gindin ƙwaƙwalwa. Ba sabon sani ba ne. Tun a 1862 wani likitan Jamus mai suna Neumann ya rubuta labarin sankarar leɓen ƙasa da ta bi jijiyar haɓa. Bincike daban-daban sun sa yawan SCC mai taɓa jijiya tsakanin kashi 2 zuwa 14 cikin 100. Adadin ba shi da yawa, amma a cikin waɗannan 'yan kaɗan ne ake samun mafi yawan dawowar cuta, da yaɗuwarta zuwa kaluluwar wuya, da mutuwa.

Hanyoyi biyu ake gane ta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukan abin da wannan rubutu ke faɗa. Ta farko, a gano ta a ɗakin gwaji. An yanke ƙurjin, an kai tsokar wurin likitan da ke duba ta a madubin ƙara girma, ya ga ƙwayoyin cuta sun naɗe wata siririyar jijiya, alhali mara lafiyar bai ji komai ba tukuna. Mafi yawan waɗanda ake ganowa a ƙasashen da ake gwada kowace tsoka ta haka ake gano su. Ta biyu, jiki ya faɗa da kansa: fuska ta sage, ko ta karkace, ko hoton MRI ya nuna jijiya ta kumbura. Likitocin gashin sankara na Jami'ar Florida a Amurka sun daɗe suna bin diddigin rukunan biyu. A rukunin farko, kusan takwas zuwa tara cikin goma cutar ba ta dawo wurin ba bayan shekara biyar. A na biyu, adadin ya faɗo kusan rabi.

Alamun rukuni na biyu ba su zuwa da hayaniya. Mutum zai ji kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fatar kumatunsa. Wani zai ji wuri ɗaya a goshi ya mutu, in ya shafa ruwan alwala ba ya jin sanyinsa a nan. Wani zugi ne ko raɗaɗi kamar an ɗiga masa barkono, wani kuma fizga ce mai kama da jan lantarki daga leɓe zuwa kunne. Idan jijiya ta bakwai ce, sai a ga gira ɗaya ta daina ɗagawa, bayan wata biyu ido ya ƙi rufuwa sosai, bayan wasu watanni baki ya karkace, ruwa na zuba ta gefe idan ana sha. Idan cutar ta shiga kwarmin ido, fatar ido takan sauko, mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu.

Kowace daga cikin waɗannan alamu tana da fassarar da aka tanadar mata a gari, kuma duk fassarorin suna kai mutum wani wuri daban. Karkacewar baki, a ce iska ce ta buge shi ko aljani ya mare shi, a nufi wurin ruƙiyya da hayaƙi. Sagewar fata, a ce sanyi ne, a sayo jiƙo. Zugin kumatu, a ce haƙori ne, a cire ɗaya, ciwo bai tafi ba, a cire na kusa da shi. Mai kemis ya ba da ƙwayar kashe zafi da bitamin. Babu mai hana Musulmi addu'a da neman tsari, kuma mai wannan rubutu ba ya cikin masu yi wa imanin mutane dariya, amma addu'a ba ta taɓa hana zuwa asibiti ba, malamai ma abin da suke karantarwa ke nan. Abin da ya fi ciwo shi ne, ko an je asibitin, akwai tarkon da ke jiran likita. Akwai wata sananniyar shanyewar ɓarin fuska da ake kira ta Bell, wadda ba sankara ba ce, kuma mafi yawan masu ita suna warkewa. Ita ce amsar da ta fi saurin zuwa bakin likitan da ke da layin mutum hamsin a ƙofa. Sai ya rubuta magani, ya tura mara lafiya sashen gashin ƙashi.

Bambancin kuwa a fili yake ga wanda ya tsaya ya tambaya. Shanyewar Bell farat ɗaya take zuwa, cikin kwana biyu ko uku ta kai iyakarta, ta kama ɓarin fuskar gaba ɗaya, kuma cikin 'yan makonni akan fara ganin sauƙi. Wadda sankara ke jawowa lallaɓowa take yi, reshe bayan reshe, tana ƙaruwa maimakon raguwa, sau da yawa tare da zugi ko sagewa. Duk shanyewar fuskar da ta yi wata uku babu alamar sauƙi, ko take ci gaba a hankali, ba a barin ta da sunan Bell sai an bincika.

Kada a ɗauka wannan kuskure na ƙasashe matalauta ne kaɗai. Jihar Queensland ta Ostireliya tana cikin wuraren da sankarar fata ta fi yawa a duniya, kuma a asibitin Princess Alexandra da ke Brisbane akwai ƙungiyar likitoci ƙarƙashin Farfesa Ben Panizza da ta shahara a kan tiyatar bin jijiya har gindin ƙwaƙwalwa. Da suka waiwayi marasa lafiyarsu, sun tarar cewa daga ranar da mutum ya fara jin alama zuwa ranar da aka gane cutar akan ɗauki kusan wata shida, kuma alamun kan bayyana ne fiye da shekara guda bayan an cire ƙurjin farko. Wasu ma ba su iya tuna an taɓa cire musu komai ba. Wannan a ƙasar da kowane likitan unguwa ya saba da sankarar fata ke nan, kuma na'urar MRI ba ta da wuyar samu. Sai a auna yadda abin zai kasance ga ɗan dako zabiya a tashar Mando, wanda aka ƙone masa wani ƙurji a gefen gira shekara biyu da suka wuce a wani ɗakin shan magani, ba takarda, ba suna.

A nan ne asibitin ido na Mando ya shigo cikin labarin. Fatar ido da gira da gefen goshi suna cikin wuraren da SCC ta fi saurin kama jijiya, kuma reshen farko na jijiya ta biyar ta rufin kwarmin ido yake wucewa. Mutumin da idonsa ya ƙi rufuwa yana ta hawaye, ko fatar idonsa ta sauko, ko yake ganin biyu-biyu, asibitin ido zai nufa, ba na fata ba. Zabiya kuma dama can masu zuwa asibitin ido ne tun suna yara, saboda raunin gani da rawar ƙwayar ido da kasa jure haske suna tare da lalurar. Wato mutanen da suka fi kowa shiga haɗarin wannan cuta sun riga sun san hanyar Mando, suna zuwa da ƙafarsu don gwajin tabarau. Asara ce babba a gwada idon zabiya a sallame shi ba tare da wani ya dubi kunnensa da leɓensa da ƙeyarsa ba. Minti biyar ne. A cikin gari kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, inda likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suke, su ne kuma masu tiyatar kai da wuya. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ga asibitin sojoji na 44, ga na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya tafiyar kilomita 80 ko makamancin haka. Garuruwa kaɗan ne a Najeriya suka tara irin waɗannan ƙwararru kusa da juna kamar Kaduna. Abin da ake buƙata shi ne hanya ɗaya sananniya da za ta ɗauki mara lafiya daga wannan ƙofa zuwa waccan, da takardarsa a hannu, ba tare da ya ɓace a tsakani ba.

Takardar nan ita ce kan gaba. Duk tsokar da aka yanke daga fuskar mutum, komai ƙanƙantarta, wajibi ne a sa ta a kwalbar sinadarin adanawa a aika ɗakin gwaji. Kowa ya san abin da ke faruwa a ƙananan asibitoci da yawa: a yanke, a ɗinke, a jefa a kwandon shara, a ce wa mara lafiya an cire masa. Wani lokaci kuma a miƙa wa ɗan'uwansa kwalbar a ce ya kai Zariya ko Kano da kansa ya biya kuɗin gwaji, shi kuwa ya riga ya sayar da akuya ya biya kuɗin aiki, sai kwalbar ta ƙare a bayan gado. Ranar da aka jefar da wannan tsoka, ranar aka jefar da damar shiga rukunin farko, rukunin masu warkewa.

Ko an kai ta ma, ba kowane sakamako ke wadatarwa ba. Takardar da ta ce SCC ce kawai ta faɗi rabin magana. Likitan tiyata na buƙatar ya san ko an cire ta duka ko ta taɓa bakin yanka, zurfinta nawa, ƙwayoyinta sun yi kama da fata ko sun rikiɗe, sannan ko ta naɗe jijiya, in ta naɗe wace iri. Kundin tantance matakan sankara na Amurka, bugu na takwas da aka fara aiki da shi a 2018, ya sa iyaka a kan milimita 0.1, kusan kaurin gashin kai. Idan jijiyar da cutar ta kama ta kai wannan kauri, ko tana ƙasa da fata a can ciki, to ko da ƙurjin bai fi ƙwayar gyaɗa ba an ɗaga shi zuwa mataki na uku. Layi ɗaya a takarda shi ke sauya dukan maganin: a sake faɗaɗa yanka, a duba kaluluwar gaban kunne da wuya, a yi shawarar gashi da na'ura. Likitocin duba tsoka a arewa ba su da yawa, aiki ya yi musu yawa, amma sanya wannan layi a fom ɗin rahoto ba ya buƙatar sabuwar na'ura.

Akwai wata ƙwarewa kuma da arewa ta riga ta mallaka, ba a dai juya ta wannan fuska ba. Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya na koyon gwada jin fata a yaƙin da aka yi da kuturta, kuma cibiyar horarwa ta ƙasa a kan tarin fuka da kuturta tana nan a Saye, kusa da Zariya. Gwajin da zaren auduga ake yin sa: mara lafiya ya rufe ido, a taɓa nan, a taɓa can, ya nuna inda ya ji. Irinsa ne ake buƙata a fuska, goshi da kumatu da haɓa, dama da hagu, sannan a ce ya ɗaga gira, ya runtse ido, ya washe baki, ya cika kumatu da iska. A haɗa da tambaya ɗaya da ya kamata ta zauna a bakin kowane ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi: Malam, an taɓa cire maka wani ƙurji ko ƙone maka wani miki a fuska ko a ka? Hajiya, wannan tabon na gefen hanci, na mene ne?

Idan amsar ta tayar da zargi, hoton da ya dace shi ne MRI da allurar ruwan da ke haska jijiya, kuma dole mai turawa ya rubuta a fili cewa jijiya ta biyar da ta bakwai ake son a bi tun daga fata har gindin ƙwaƙwalwa. Hoton ƙwaƙwalwa na yau da kullum, irin wanda ake yi wa mai shanyewar ɓarin jiki, yana iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. Iyali sun biya kuɗi mai yawa, an ce musu babu komai, sun koma gida da kwanciyar hankalin da bai dace ba.

Magani idan cutar ta riga ta yi nisa yana da nauyi. Tiyata ce ta bin jijiyar a cire ta har inda aka tabbatar babu sauran cuta, wani lokaci tare da ƙullin yawu, wani lokaci, idan ta cika kwarmin ido, tare da idon baki ɗaya. Bayan nan gashi da na'ura, kwana biyar a mako har kusan mako shida. Ga mutumin Mando wannan na nufin kama masauki a Zariya ko Abuja, barin sana'a, ciyar da mai jinya, da fargabar kada na'ura ta tsaya ana tsakiyar magani, abin da masu jinyar sankara a Najeriya suka sha gani. Buɗe sabuwar cibiyar sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025 ya ƙara wa arewa maso yamma ƙofa ɗaya, kuma abin a yaba ne. Akwai kuma sabbin magunguna masu zaburar da garkuwar jiki. Amurka ta amince da cemiplimab a 2018 don SCC da ta gagari tiyata da gashi, ana ɗura shi duk mako uku, ya kuma taimaki mutane da dama da a da aka fid da rai da su. Sai dai kuɗin ɗuri ɗaya dubban daloli ne. Ba da shi za a ceci ɗan tallan Mando ba.

Wani zai ce, jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa da tamowa, ina ta ga sararin wata cuta da ke kama 'yan tsiraru? Tambayar tana da hujja. Amsarta ita ce abubuwan da ake nema a nan su ne mafi araha a dukan harkar sankara: tambaya, auduga, kwalba, layi a fom. Tsada tana farawa ne bayan an tsallake su. Kuma su 'yan tsirarun ba baƙi ba ne. Mutane ne da aka daɗe ana yi wa kallon banza, ana tsokanarsu a makaranta, ana hana su aikin ofis saboda raunin gani, har rashin zaɓi ya tura da yawansu noma da talla da bara, wato ainihin ayyukan da ke gasa su a rana.

An taɓa yin alkawari. Bayan Jake Epelle ya kafa gidauniyar zabiya ta Najeriya a 2006, gwamnatin Obasanjo ta amince a riƙa yi wa zabiya maganin sankarar fata kyauta a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Mutane da yawa sun amfana, amma gidauniyar ta sha fitowa tana kokawa cewa shirin yana tsayawa saboda ba a biyan kuɗinsa. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara gwadawa a asibitoci shida, har da na Shika, da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara. Ya kamata a faɗaɗa shi ya haɗa da ta fata. Ita kuma hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, KADCHMA, tana da ikon sanya gwajin tsoka da duba fatar zabiya sau biyu a shekara cikin abubuwan da take biya wa marasa galihu. Ranar 13 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa zabiya, wadda aka fara bikinta a 2015, a shekarar da aka naɗa 'yar Najeriya Ikponwosa Ero ƙwararriyar farko ta Majalisar a kan haƙƙinsu, ta fi dacewa da tebura da likitocin fata a harabar asibiti fiye da jawabai a otal.

Wasu ƙasashen Afirka sun nuna yana yiwuwa. A Moshi ta Tanzaniya, cibiyar horar da likitocin fata ta yankin tana haɗa man kariya daga rana mai suna Kilisun tun 2012, ana raba wa zabiya kyauta, ayarin ma'aikata kuma na zagayawa lokaci-lokaci suna duba fata suna ƙone kaushin farko da sanyin sinadari kafin ya zama sankara. A Mali, gidauniyar mawaƙi Salif Keita, wanda shi kansa zabiya ne, ta daɗe tana raba man da tabarau. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man kariya daga rana cikin jerin magungunan da ba a yi sai da su, abin da ya ba gwamnatoci hujjar daina ɗaukarsa kayan kwalliya su cire masa haraji.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannun iyaye. Hular da Bahaushe ya saba sawa tana rufe tsakar ka ne kawai, ta bar kunne da hanci da ƙeya a rana. Malfa ce ta dace da yaro zabiya, mai faɗin baki, da riga mai dogon hannu da wuya, ga mace kuma hijabi mai kauri da hular da za ta yi wa fuska inuwa. Kada a aike shi talla ko kiwo tsakanin hantsi da la'asar. Man kariya mai lamba 50 a shafa a fuska da kunne da leɓe da bayan hannu, a sake shafawa bayan awa biyu ko bayan alwala. Malamin makaranta ya ba shi wurin zama a gaba, ya kuma ɗauke masa tsayuwar taron safe a fili.

Wanda kuma aka riga aka cire wa SCC a fuska, zabiya ne ko ba zabiya ba, aikinsa bai ƙare ranar da aka cire zare ba. Mafi yawan dawowar cutar a shekara biyu na farko take faruwa, don haka a wannan tsakani ya kamata likita ya riƙa ganinsa duk wata uku zuwa shida, ya taɓa tabon, ya lalubi gaban kunne da wuya, ya gwada ji da motsin fuska. Ya karɓi kwafin sakamakon gwajin tsokarsa ya adana tare da katin asibiti, ya ɗauki hotonsa a waya, ya nuna wa duk likitan da zai gani daga baya, na ido ne ko na haƙori ko na kunne. Idan ya ji kiyashi na yawo a kumatu, ko gira ta yi nauyi, ko wani wuri a fuskar ya daina jin ruwa, a makon nan zai koma asibitin da aka yi masa aiki, ba sai ranar da aka rubuta masa a kati ba.